Faranti Ɗaya Ba Albasa

Kowace sana'a tana da mutumin da bai taɓa yin ta ba, amma ya fi kowa sanin yadda za a gyara ta. A sana'ar dafa abincin taro, wannan mutumin shi ne ƙanin Yaya, wanda ya raɗa wa kansa suna Darakta tun ba shi da ko kujerar zama. Bai taɓa kunna murhu ba, in ka miƙa masa ludayi sai ya tambaye ka ta wane gefe ake riƙewa. Amma ka same shi a bencin mai aski ka sha bayani. Ya san abin da ya hana sana'ar ci gaba a ƙasar nan, ya san inda za ta dosa nan gaba, kuma duk wannan ilimi ya samo shi ne a wani taron ƙara wa juna sani da ya shiga don ya fake wa ruwan sama. Ya fito da jaka mai tambari da kalmomi biyu-uku na Turanci, tun daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba.

Yayarsa ita ce mai ɗakin girkin, kuma kowa a harkar Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da tukunyar aro ta fara. Ta ciyar da ofisoshi da makarantu da taruka shekara da shekaru, ba a taɓa cewa abincinta ya makara ko ya kasa ba. A wannan sana'a suna shi ne jari, ita kuwa ta tara shi da ƙunar hannu da hayaƙi a ido. Ita ta riƙe Darakta tun yana ƙarami, aikin da ta ba shi kuwa amsa waya ne, shi ma don ya rage yawo.

To, ƙungiyar masu abincin taro ta ƙasa tana yin babban taro duk shekara, a duba halin da sana'a ke ciki da inda ta dosa. Kowace shekara mutum ɗaya daga cikinsu ake zaɓa ya ciyar da taron. Ciyar da masu girki ba wasa ba ne, don kowa da harshensa yake zuwa, aibu yake nema. Amma wanda ya tsallake ya haye, saboda manyan masu ba da kwangila suna zuwa su ɗanɗana. Bana har da manajan wani babban asibiti, yana neman wanda zai riƙa ciyar masa da majinyata. Yaya ta daɗe tana jiran layi ya zo kanta. Da ya zo, sai ta taka man da ya zube a ƙasa ta karye a ƙafa.

Tana kwance an naɗe ƙafar da filasta har gwiwa, ta kira ƙaninta.

"Zo nan, Auta."

"Darakta, Yaya."

"Auta. Ban ce ka taɓa tukunya ba. Uwar Murhu ta san komai, kai dai ka raka ta kasuwa ka nemo mota. Shinkafa da kaza da salak, mutum ɗari uku. Faranti ɗaya ba albasa, saboda..."

"Yaya, waɗannan ƙananan bayanai ne. Ki bar min babban tsari."

"Babban tsarinka nake tsoro. Sunana na ba ka aro, Auta. Yadda na ba ka shi, haka nake so ka dawo min da shi."

Ya dafa ƙirji ya ce an gama, ya karɓi wayar kamfani da makullin ɗakin girki. Tun kafin ya kai ƙofa tafiyarsa ta canja.

Washegari ya tara masu girki. Uwar Murhu, babbar mai girkin Yaya, mace ce mai damatsa irin na masu juya babbar tukunya, ta tsaya tana kallonsa da muciya a hannu.

"Ku saurara," in ji Darakta. "Abin da ya kashe sana'ar nan a ƙasar nan shi ne tukunya."

"Tukunya?"

"Tukunya. Tana cin gas, tana cin sabulu, tana cin wuri. Kamfanin gobe ba shi da tukunya. Kai ne da waya. Ka karɓi aiki, ka miƙa wa mai wahala, ka zauna cikin sanyi."

"To mai wahalar fa, in shi ma ya waye?"

"Ba zai waye ba. Shi ya sa yake mai wahala."

"Yaya ta san da wannan?"

Nan ya murje ido ya ce ita ce ma ta ba da umarni kowa ya tafi hutu, kuma likita ya hana a dame ta da zuwa ko da waya. Masu girkin da suka manta rabonsu da hutu ba su tsaya dogon bincike ba. Uwar Murhu ce kaɗai ta ɗan jima. Ta ajiye muciya, ta kwance ƙyallen gabanta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Zan je in ga jikokina. Amma ka sani, ni dai ban taɓa ganin wanda ya ci waya ya ƙoshi ba."

"Hassada ce," in ji Darakta bayan ta fita.

Kafin mako ya zagayo ya ba da hayar tukwane da murahun gas da kuloli ga wasu masu hidima a wani gari mai nisa, ya ce tukunya mai zaman banza asara ce. Ɗakin girkin ya koma ofis. Ya sa aka shafa farin fenti a bangon da ya sha mai da hayaƙi, fentin ya ƙi bushewa, duk wanda ya jingina sai ya tashi da shaida a gadon baya. Ya sayo tebur mai faɗi da kujera mai juyawa ta hannu, wadda ke da lalurar da mai sayarwa bai faɗa ba: in aka zauna tana sauka a hankali.

Mai aski da tela, waɗanda shagunansu ke kallon ɗakin girkin, suka shigo ganin ƙwaƙwaf. Darakta ya hau kujera ya harɗe ƙafa.

"Nan da kuke gani, daga nan za a riƙa ciyar da ƙasar nan gaba ɗaya."

"Da me?" in ji tela, yana waige-waige.

"Da tsari. Ku matsalarku ba ku hangen nesa. Ni idona yana sama."

"To ga ka nan kana ƙasa," in ji mai aski.

Gaskiyarsa ne, haɓar Darakta ta kusa taɓa tebur. Ya miƙe ya ja kujerar sama, ya jingina da bango don ya gyara tsayuwa, ya tashi da farin layi a bayan kwat. Tela ya ce ba komai, ai ado ne, a wasu ƙasashen ma haka manya ke yi.

Daga nan ya nufi wurin Mai Kuloli, wata babbar mai abincin taro da ake yi wa wannan laƙabi saboda kulolinta sun fi na kowa yawa. Akwai wata ƙa'ida a sana'ar da ko Darakta ya sani, don ita kaɗai ce ba ta bukatar wuta. In aiki ya yi maka yawa ka miƙa wa ɗan'uwanka, ba ka gaya masa na wane ne, ba ka gaya masa inda za a kai. In ka faɗa, gobe zai zagaya ta bayanka ya ɗauke maka mai ciniki. Sai dai ka ce abinci kaza, rana kaza, zan turo mota.

"Shinkafa da kaza da salak, mutum ɗari uku, faranti ɗaya ba albasa," in ji Darakta. "Ranar Asabar."

"Asabar? Ranar taronmu ce fa."

"In ba za ki iya ba..."

"Ni? Ka taɓa jin na ce ban iya ba? Na wane ne?"

"Haba, babbar yaya. Kin taɓa gaya min naki?"

Suka yi dariyar 'yan sana'a. Ko a ranta Mai Kuloli ba ta kawo cewa abincin taron ƙungiya ba ne, don kowa ya san Yaya ko a kan gadon asibiti take ba za ta ba wani girkinta ba. Darakta ya gutsuri rabonsa daga kuɗin kafin alƙalami, ya miƙa mata saura, ya fito yana fito.

Ba a jima ba wayar kamfani ta yi ƙara. Ɗan Gayu ne, wani matashin mai abincin taro da ya fi ƙwarewa a ɗaukar hoton abinci a kan dafa shi. Ya ce aiki ya yi masa yawa, ga shi ba ya son ya rasa taron ƙungiya, ko Yaya za ta taimaka? Shinkafa da kaza da salak, mutum ɗari uku, ranar Asabar, faranti ɗaya ba albasa. Zai turo mota.

"An gama," in ji Darakta.

Ya fita da gudu zuwa shagon mai aski, kamar matar falke ta haifi jaki.

"Aiki na biyu! Rana ɗaya! Yaya ta taɓa yin aiki biyu masu girma haka a rana ɗaya? Ko murhu ban kunna ba!"

Kuɗin wannan ya ɗan rame, amma Darakta ya ce kasuwa ce. Ya gutsuri nasa, ya kai wa Mai Kuloli. Ita ma ba ta yi gardama ba, har ta raka shi bakin ƙofa tana cewa bana kam Allah ya buɗa.

Da aiki na uku ya zo, daga Ɗan Gayu dai, da irin abincin, da irin ranar, mai aski ya dakatar da almakashi a kan wani bawan Allah.

"Tsaya, Darakta. Shi ma da faranti ɗaya ba albasa?"

"Ƙwarai."

"To wai wannan marar albasar, gida nawa zai ci abinci ranar Asabar?"

"Ka ji matsalar jahilci," in ji Darakta. "Kai kana ganin faranti, ni ina ganin alkibla. Jama'a ne suka fara juya wa albasa baya. Ni na fara ganowa a ƙasar nan."

"Allah ya jiƙan masu noman albasa," in ji tela daga shagonsa.

Kullum da yamma Darakta kan leƙa Yaya. Ta tambayi kaji, ya ce suna nan lafiya. Ta tambayi Uwar Murhu, ya ce aiki ya hana ta ko numfashi. Sau ɗaya ta shinshina rigarsa ta ce me ya sa yake warin fenti maimakon hayaƙi, ya ce sabon turare ne. Ta bi shi da kallo har ya fita. Gwano ba ya jin warin jikinsa, shi dai gani yake ya iya.

Ranar Asabar ya tura motar haya gidan Mai Kuloli, ya ce wa direba ya jira a loda masa. Shi kuma ya saka kwat ɗinsa mai farin layi, ya rataya jaka mai tambari, ya tafi zauren taro, inda ya riga ya matsa wa sakatare sai da aka ba shi damar jawabi a madadin Yaya. Zauren ya cika da masu girki an sha ado, ba mai warin hayaƙi ko ɗaya. A gefe an jera dogayen tebura da fararen ƙyallaye da cokula da farantai, suna jiran abinci.

Mutum na farko da ya ci karo da shi Mai Kuloli ce, ta sha gwal har wuyanta na neman gajiya.

"A'a, ba kya wajen aiki?"

Ta kashe masa ido. "Yarana na kan wuta. Kai dai ka ce wa Yaya yunwa muka zo da ita. Tun jiya ban ci abin kirki ba, saboda girkinta."

Darakta ya ƙunshe dariya. Yau za ta ci girkinta ta yaba wa wata, in ji shi a ransa.

Bai kai kujerarsa ba Ɗan Gayu ya ja hannun rigarsa, ya raɗa masa cewa akwai na gaggawa, yau-yau, irin na jiya. Darakta ya ce an gama. Ya ratsa zaure ya raɗa wa Mai Kuloli, ta ce yau-yau, to ba komai. Yana zama ya hango ta ta sunkuya a kunnen Dogo, wani mai abincin taro da ke iya canja ƙwan fitila ba tare da tsani ba. Can kuma ya hango Dogo ya lanƙwasa a kunnen Ɗan Gayu. Darakta ya gyara wuyan kwat, don ya tabbata kwat ɗin suke yabawa.

Aka buɗe taro. Shugaban ƙungiya, dattijo mai ƙaramin jiki da babban tabarau, ya yi jawabi kan halin da ake ciki, kuma duk kuka ne. Gas ya yi tsada, kaza ta zama ta manya, wuta ba ta zama balle firji ya yi sanyi, masu hidima kuma suna son abincin sarakuna da kuɗin biskit. Kowa ya gyaɗa kai. Da aka zo maganar makoma sai Mai Kuloli ta nemi magana.

"Shugaba, ni dai ban yarda sana'a na mutuwa ba. A makon nan kaɗai manyan ayyuka sun yi min ruwa, har ina rasa inda zan sa su."

Dogo ya miƙe, ya daɗe yana miƙewa. "Ni ma haka. Ban taɓa ganin mako irin wannan ba."

"Ni ma!" in ji Ɗan Gayu.

Zaure ya ɗauki tafi. Sakatare ya sanar da cewa bisa shaidar manyan 'yan sana'a uku, harka ta farfaɗo, ta ma ninka. Wasu suka fara tunanin sayen sabbin motoci.

Ana cikin tafin ne Yaya ta shigo. Ta hana kanta kwanciya, ta ɗauko motar haya, ta saka kayan da ta daɗe tana ajiya saboda wannan rana, tana dogara sanduna biyu. Aka miƙe mata. Aka zaunar da ita a gaba kusa da manajan asibiti, wanda ya ce mata ya daɗe yana jin labarin hannunta, yau zai gani da bakinsa. Ta yi murmushi, ta waiga ta dubi teburan gefe. Rana ta take, ba kula ko ɗaya. Ta nemi idon ƙaninta, shi kuwa ya riga ya hau mumbari.

"'Yan'uwa," in ji Darakta, ya bubbuga makirufo har ta yi kuka. "Kun ji ana cewa aiki ya yi yawa. To ni huɗu gare ni yau. Huɗu! Kuma in gaya muku abin mamaki? Ba ni da tukunya ko ɗaya."

Aka yi dariya, an ɗauka raha ce. Yaya ba ta yi ba.

"Wannan shi ne makomar sana'armu. Kamfani marar tukunya, marar hayaƙi, marar gumi. Kuma bari in ba ku wani sirri kyauta, wanda bincikena ya gano. Duk aikin da ya zo min, mutum ɗari uku ne, kuma da faranti ɗaya ba albasa. Me wannan ke nufi? Ƙasar nan ta fara gajiya da albasa! Wanda ke da kunne ya ji!"

Mai Kuloli ta daina fifita. Dogo ya dubi Ɗan Gayu. Shugaba ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Sai wayar Darakta ta yi ƙara. "Kun gani? Na biyar ke nan. Bari ku ji da kunnenku." Ya buɗe murya, ya kanga ta a makirufo.

"Darakta!" Muryar mai aski ta cika zauren. "Ga wani direba nan tun safe, ya ce Ɗan Gayu ya turo shi ɗaukar abinci. Na leƙa da shi ofis ta taga, ya ce ko fenti mutanen za su ci? Sannan direbanka ya dawo, ya ce gidan Mai Kuloli ko toka babu, su ma motar da suka tura wurin Dogo suke jira. Yanzu dai sun tare layi suna ta hon, tela ya fito musu da benci."

Darakta ya danna wayar don ya kashe, sai ya ƙara mata murya, aka ji tela daga nesa yana tambaya ko a sayo albasa.

Shugaba ya miƙe a hankali.

"Ni ne ba na cin albasa. Tana tayar min da ciki, shi ya sa na roƙi Yaya a ware min. Yaro, abincin taron nan yana ina?"

"Yana... yana cikin tsari, Shugaba. Yana hannun ƙwararriya." Ya nuna Mai Kuloli.

"Ni? Na taron nan ne? Ai ni Dogo na ba!"

"Ni kuma Ɗan Gayu," in ji Dogo. "Ina zan bar taro in tsaya gaban wuta?"

Ɗan Gayu ya ɗaga hannu biyu. "Ni Yaya na ba. Na ce in ba wanda ba ta taɓa kunyata mutum ba."

Duk idanu suka zagayo suka dawo kan mumbari, inda Darakta ke tsaye zufa ta karyo masa.

"Wato aiki ɗaya ne," in ji Shugaba, "ya yi ta zagaye kuna gutsura, har kuka sa muka yi tafi. Sakatare, janye ninkin nan."

"A fannin lissafin kasuwa, Shugaba, aiki huɗu ne," in ji Darakta. "Abinci ne dai bai..."

Sauran maganar ba wanda ya ji. Mutum ɗari uku masu jin yunwa, waɗanda da yawansu suka ƙi karya kumallo saboda girkin Yaya, suka tashi gaba ɗaya. Mai Kuloli ta fi kowa ɗaga murya, tana cewa an ci mutuncin sana'a, kamar ba ita ta miƙa aikin sau huɗu ba. Dogo ya ce shi dama tun farko bai yarda da yaron ba. Wata daga baya ta ce a mayar mata da kuɗin rajista, wani ya fara cusa cokulan tebur a aljihu, ya ce ko ba komai kada a tashi a tutar babu.

Yaya ta buga sanda a ƙasa har sai da aka saurara.

"Ku ba ni lokaci kaɗan. Auta, kira min Uwar Murhu."

"Tana hutu, Yaya."

"Hutu. To a buɗe ɗakin girki, ga masu hannu nan cike da zaure, ni zan zauna in nuna. A ɗora tukwane."

"Suna haya."

"Murahun fa?"

"Tare suka tafi."

"Kaji?"

"Yaya, a sabon tsari ba a ajiye kaji."

Ta jingine sandar. Ba a taɓa ganin dabara ta ƙare wa Yaya ba sai ranar, kuma wallahi ba abin dariya ba ne, ko da yake wasu sun yi. Manajan asibiti ya ɗauki jakarsa ya ɗan rusuna mata.

"Yaya, Allah ya ba ki lafiya. Na san ba ke kika yi ba. Amma ni majinyaci gare ni, in ya sha magani abinci yake jira, ba bayani ba."

Ya fita. Bayansa manyan masu abincin taro na ƙasa suka bi layi a ɗan shagon tsallaken titi, da gwal da kwat da turare, suna rububin biskit da ruwan leda. Shugaba ya samu burodin jiya, ya ci a tsaye.

Abin haushin shi ne, su huɗu suka yi ɓarnar, amma sunan mutum ɗaya ne a kan abincin taron. Mai Kuloli ta ci gaba da cinikinta, Dogo ma haka, Ɗan Gayu har ya sa hoton farantan da ba komai a ciki a intanet ya samu masu kallo. Yaya ce waya ta daina yi wa ƙara. Ofisoshi suka janye ɗaya bayan ɗaya, makarantu suka ce sai sun yi shawara. Uwar Murhu ta dawo ta ga farin bango, ta yi kuka, ta tafi aiki wurin Dogo don jikoki ba sa cin amana. Daga nan magana ta shiga bakin 'yan sana'a: duk abincin da aka jira bai zo ba, sai a ce ko girkin Yaya ne. Matar da ba ta taɓa makara ba ta ji wannan da kunnenta a kasuwa, daga bakin yarinyar da ba ta ma san ita ce ba. Ya yi mata ciwo fiye da karayar.

Ranar da aka cire mata filasta ta sa aka kai ta ɗakin girkin. Ta zauna a kujera mai juyawa, kujerar ta sauka da ita, ba ta ko kula ba. Darakta na tsaye a bakin ƙofa.

"Yaya, ko ba komai, yanzu ba wanda bai san sunanki ba a ƙasar nan. Wasu kuɗi suke kashewa kafin..."

"Auta."

"Na'am."

"Akwai allo a saman ƙofar nan mai sunana. Je ka sauko min da shi. Ba na son ya sake kwana a waje ana yi masa dariya. Wannan kaɗai na roƙe ka, ka yi shi da hannunka."

Ya dafa ƙirji ya ce an gama. Ya fita ya ɗaga kai ya dubi allon, ya dubi tsani, ya dubi kwat ɗinsa. Sai ya tsallaka wurin tela ya ce akwai ɗan aiki, amma kada ya tambayi na wane ne. Tela ya ce ɗinki ya yi masa yawa, zai yi wa mai aski magana. Mai aski ya ce ya san wani.

Allon yana nan har yau, a saman rufaffiyar ƙofa.